SHARHI: Rigar da ke tsakanin matuƙin jirgin yaƙi da wuta

Duk lokacin da aka kawo sabon jirgin yaƙi, hoton da ake raba wa kafafen yaɗa labarai kusan iri ɗaya ne: jirgi na sheƙi a filin sauka, manyan hafsoshi sun jeru, a gefe kuma ga matasan matuƙa sanye da wata koriyar riga mai haɗe da wando, zik ya ratsa ta tun daga wuya har ƙasa. Ido da baki kan tafi ne ga jirgin da kuɗinsa. Haka aka yi a 2021 sa'ad da jiragen Super Tucano 12 suka iso Najeriya, waɗanda gwamnatin Muhammadu Buhari ta ciri dala miliyan 496 daga asusun rarar kuɗin mai a 2018 domin biyansu. Haka aka yi da jirage masu saukar ungulu samfurin T-129 na Turkiyya, da kuma AH-1Z guda 12 da Amurka ta amince a 2022 za ta sayar kan kusan dala biliyan ɗaya.

Amma ranar da jirgi ya faɗi, mai ya fantsama, wuta ta tashi, abin da ke tsakanin fatar matuƙi da harshen wutar shi ne wannan riga da kuɗinta bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba. Tarihin yadda aka ƙera ta, mafi yawansa a Amurka, yana koyar da darasi guda wanda ya shafi duk ƙasar da ke tura 'ya'yanta sama: kariyar da ba a gwada ba alkawari ce kawai, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga asibitin ƙuna zuwa ɗakin gwaji

Matsalar ta fito fili ne a Yaƙin Duniya na Biyu. Jiragen Hurricane da Spitfire na Ingila suna ɗauke da tankin mai a gaban matuƙi, tsakaninsa da inji. Idan harsashi ya huda tankin, kuma matuƙi ya buɗe murfin jirgi domin ya yi tsalle da laima, iska kan janyo wutar ta watsa masa a jiki. Wasu matuƙan kan cire safar hannu da tabarau domin su ji daɗin sarrafa jirgi, saboda haka ƙunar takan fi cin fuska da hannuwa. Likita Archibald McIndoe, ɗan ƙasar New Zealand, shi ne ya shahara da yi musu dashen fata a asibitin garin East Grinstead. A 1941 majinyatansa suka kafa ƙungiyar da suka kira Guinea Pig Club, wato a Hausance zakarun gwajin dafi, domin a jikinsu aka koyi sababbin dabarun tiyata. Kafin yaƙi ya ƙare mambobinta sun kai 649.

Wannan zamani ne na magani bayan ɓarna. Rigakafin ya ɗauki wasu shekaru ashirin da 'yan kai. A tsakanin lokacin, matuƙa na sanya auduga da aka tsoma a sinadarin hana kama wuta, wanda wanki ke rage masa ƙarfi, ko kuma nailan, wanda ya fi auduga ƙarko amma yana da mugun hali: idan ya ji zafi yakan narke ya manne da fata.

Shekarar 1967 ce ta tayar da hukumomin Amurka daga barci. A ranar 27 ga Janairu, wuta ta tashi a cikin kumbon Apollo 1 yana ƙasa ana gwaji, ta halaka 'yan sama jannati uku, Gus Grissom da Ed White da Roger Chaffee, dukkansu matuƙan soja. An cika kumbon da tsantsar iskar oksijin, ga kayan nailan ko'ina a ciki, har da rigunan da ke jikinsu, waɗanda wani sashensu ya narke. Bayan wata shida, a ranar 29 ga Yuli, wani makamin roka ya tashi bisa kuskure a kan jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi, USS Forrestal, a gaɓar Vietnam, ya fasa tankin man wani jirgi. Mutum 134 suka mutu a gobarar. A ƙasa kuwa, cikin Vietnam ɗin, jirage masu saukar ungulu na ta faɗuwa, kuma likitocin soja sun lura da wani abu mai ciwo: sojoji da dama kan tsira daga faɗuwar kanta, sai wutar da ta biyo baya ta kashe su.

A wannan shekara ce kamfanin DuPont ya fara sayar da zaren Nomex, wanda masanin sinadarai Wilfred Sweeny ya samar a farkon shekarun 1960. Bambancinsa da audugar da aka tsoma a magani shi ne, juriyarsa ga wuta na cikin ƙirar zaren kansa, don haka wanki ba ya fitar da ita. Ba ya narkewa, ba ya ɗiga. Idan zafi ya kai wajen digiri 370 a ma'aunin Salshiyas, sai ya kumbura ya zama gawayi, kuma da zarar an janye harshen wuta yakan mutu da kansa. Rigar da sojojin sama da na ruwa na Amurka suka daɗe suna sanyawa, mai lamba CWU-27/P, da shi ake saƙa ta: fiye da kashi 90 cikin 100 Nomex, kashi 5 zaren Kevlar domin kada yadin ya tsage a cikin wuta, sauran kuma zaren da ke hana taruwar lantarkin da gogayya ke haifarwa, wanda tartsatsinsa kaɗai na iya kunna tururin mai.

Matar da ta auna zafi

Samun zaren rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne amsa tambayar da mai saye ba zai iya amsawa da ido ko da taɓi ba: wannan yadin, daƙiƙa nawa zai ba mutum?

Tun a 1947, masu bincike biyu a Jami'ar Harvard, Moritz da Henriques, sun nuna cewa fata kan fara lalacewa daga digiri 44, amma sai ta yi wajen sa'o'i shida a haka. A digiri 70 kuwa, ƙasa da daƙiƙa ɗaya ya isa. Ma'ana, ƙuna lissafi ce ta zafi da lokaci a haɗe. Wadda ta mayar da wannan lissafi kayan aikin injiniyoyi ita ce Alice Stoll, masaniyar kimiyya a cibiyar binciken jiragen rundunar ruwan Amurka da ke jihar Pennsylvania. Ita da abokan aikinta, musamman Maria Chianta, sun riƙa shafa baƙin tawada a damatsan mutanen da suka ba da kansu, su haska musu zafi da aka auna, su rubuta lokacin da ciwo ya fara da lokacin da bororo ya tashi. Daga nan suka fitar da jadawalin da har yau ake kira da sunanta, wanda ke nuna iyakar zafin da fata za ta iya sha kafin ƙuna ta ratsa saman fata.

Da wannan jadawali, kalmar "mai jure wuta" ta tashi daga bakin ɗan talla ta koma lambar da kowa zai iya bincikawa. Yau gwajin hawa uku ne.

Na farko shi ne mafi sauƙi. Ana rataye ƙyallen yadi a tsaye, a sa masa harshen wuta a ƙasa na daƙiƙa 12, a janye. Ƙa'idar da masana'antun mai da iskar gas na Amurka ke bi ta ce kada yadin ya ci gaba da ci fiye da daƙiƙa biyu, kada tsawon wurin da ya ƙone ya wuce inci huɗu, kada ya narke, kada ya ɗiga. Ana maimaita gwajin bayan an wanke yadin sau 100, domin riga ba a ranar da ta fito daga leda kaɗai ake sanya ta ba.

Na biyu yana auna zafin da ke ratsawa. Ana hura wuta a fuskar yadi, a bayansa kuma a ajiye faifan tagulla mai auna zafi a madadin fata. Lokacin da zafin da ya isa ga tagullar ya tsallake iyakar jadawalin Stoll, shi ne lokacin da mutum zai ƙone.

Na uku shi ne wanda ya fi kama da ranar tsautsayi. A shekarun 1970, DuPont da rundunar sojan Amurka suka ƙera mutum-mutumi mai tsayin namiji baligi, Thermo-Man, mai ɗauke da na'urorin auna zafi 122 a sassan jikinsa. Ana sanya masa cikakkiyar riga, a kewaye shi da bututun iskar gas 12, a sake masa wuta ta lulluɓe shi na 'yan daƙiƙu. Kwamfuta sai ta zana taswirar jiki, ta nuna inda ƙuna za ta tsaya a sama da inda za ta ci har ƙasan fata. Jami'ar Jihar North Carolina na da irinsa mai suna PyroMan. Ƙarfin zafin da ake amfani da shi, fatar da ba ta da sutura ba ta kai daƙiƙa ɗaya a cikinsa. A wannan gwaji ne ake gano abin da ƙyalle ba ya nunawa: ɗinkin da ya ɓalle, zik da ya narke, yadin da ya tsuke ya matse kafaɗa, aljihun da ya zama mazurarin wuta.

Ya kamata mai karatu ya lura da wani adadi a nan. Ƙa'idar masana'antun da aka ambata tana amincewa da riga idan bayan daƙiƙa uku a cikin wuta ƙunar da aka kiyasta ba ta wuce rabin jiki ba. Rundunoni na da nasu sharuɗɗan, amma ma'aunin ya isa ya nuna gaskiyar lamari. Wutar man jirgi, wanda ɗan'uwan kananzir ne, kan kai wajen digiri 1,000, kuma babu siririn yadin da zai tsaya mata na minti guda. Abin da riga ke saya wa matuƙi 'yan daƙiƙu ne, daidai na kwance ɗamara, tura ƙofa, da gudu. Sannan tana ba shi tabbacin cewa idan ya fita daga wutar, wutar ba za ta bi shi a jikinsa ba.

Yadda ake kashe riga mai kyau

Waɗannan daƙiƙu kaɗan ne, kuma saurin zubewa gare su. Abu na farko da ke cinye su shi ne abin da ke ƙarƙashin rigar. Zafi na ratsa Nomex ko da bai ƙone ba, kuma idan singiletin da ke ciki na roba ne, zai narke a kan fata alhali rigar waje na nan lafiya. Sojojin Amurka sun sake koyon wannan darasi a Iraki, inda bama-baman gefen hanya ke kunna motoci. A 2006 kwamandojin sojan kundumbala suka hana dakarunsu fita sintiri da rigunan motsa jiki na foliyesta da nailan, waɗanda matasan sojoji ke so saboda suna shan gumi, bayan likitoci sun riƙa fama da yadin da ya narke ya shige cikin raunuka. Shi ya sa dokokin tuƙi ke cewa auduga ko ulu ko yadi mai jure wuta kaɗai za a sa a ciki.

Na biyu shi ne wanki. Bilic na raunana zaren. Sitati da sinadaran tausasa tufafi na barin wani rufi mai cin wuta a saman yadi. Maiƙo ko man jirgi da ya jiƙa riga yakan mayar da ita lagwani, domin man zai ci ko da yadin bai ci ba. Doguwar shanya a rana ma na rage ƙarfinsa. Rigar da aka miƙa wa mai wanki da guga ba tare da bayani ba na iya dawowa tana ƙyalli, ƙarin gugarta a tsaye, amma ta rasa wani sashe na abin da aka saye ta dominsa.

Na uku shi ne ɗinki da awo. Iskar da ke tsakanin yadi da fata ita ma garkuwa ce, don haka matsattsiyar riga ta fi saurin isar da zafi, burmemiya kuma na iya maƙalewa a lokacin fita. Wannan ne ya sa batun rigunan mata ya wuce maganar ado. Shekaru da dama mata matuƙa a Amurka na sanya rigunan da aka yanka bisa awon maza, sai a shekarun baya-bayan nan rundunar sama ta ɗauki gyaran da muhimmanci. Najeriya ma ta shiga wannan sahu tun da Blessing Liman ta zama mace ta farko matuƙiyar soja, sannan a Oktoban 2019 aka yaye Kafayat Sanni a jirgin yaƙi da marigayiya Tolulope Arotile a jirgin yaƙi mai saukar ungulu.

Na huɗu shi ne zafin gari. Ƙara kaurin yadi na ƙara daƙiƙu, amma yana ƙara gumi da gajiya, kuma matuƙin da zafi ya galabaitar shi ma hatsari ne. Nauyin yadin rigar Amurka wajen giram 150 ne kawai a kowace murabba'in mita saboda wannan dalili. Wanda ya san Maiduguri ko Katsina a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 tun kafin a shiga cikin jirgin da ya wuni a rana, zai gane yadda naɗe hannun riga, sassauta zik da cire safar hannu ke da daɗi. Amma inda aka naɗe, nan wuta ke ci.

Abin da riga ba ta yi

Adalci ne a faɗi iyakarta. A hatsarin da ƙarfin faɗuwa ya wuce abin da jikin ɗan Adam zai ɗauka, babu suturar da ke da amfani. Ko a Amurka, abin da ya fi rage mutuwar gobara a jirage masu saukar ungulu shi ne tankin mai da ba ya fashewa idan jirgi ya faɗi, mai bututun da ke rufe kansu idan sun tsinke, wanda injiniya Harry Robertson ya yi fice wajen ƙerawa, aka kuma fara sanya shi a jiragen sojan ƙasa a 1970. Bayan haka mutuwar ƙuna a hatsarin da ake iya tsira ta ragu ƙwarai. Riga ita ce katanga ta ƙarshe, bayan ingancin jirgi, kula da inji, horo, da motar kashe gobara a bakin titin sauka.

Sai dai tankin da rigar uwarsu ɗaya: bincike da aka rubuta, aka kuma bari wasu suka karanta. An san cewa wuta ce ke kashe waɗanda suka tsira daga faɗuwa domin an ƙirga gawarwaki an tantance sanadin mutuwar kowanne. An san nailan na narkewa domin kwamitin binciken Apollo 1 ya fitar da rahoto, majalisa ta yi zama a kai. Har yanzu rundunar saman Amurka na wallafa rahotannin kwamitocin binciken manyan haɗurranta.

Tambayoyin da suka rage wa Najeriya

A nan ne labarin ya taɓa mu. A 2021 kaɗai, jirgin King Air na rundunar sama ya faɗi kusa da filin jirgin Abuja a ranar 21 ga Fabrairu ya kashe mutum bakwai. Wani irinsa ya faɗi a Kaduna a ranar 21 ga Mayu, ya halaka Babban Hafsan Sojan Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, da mutum goma. A Agustan 2023 jirgi mai saukar ungulu da ya je kwaso sojojin da suka jikkata ya faɗi a yankin Shiroro ta jihar Neja. Bayan irin waɗannan, abin da jama'a suka saba ji shi ne an kafa kwamiti. A hatsarin Kaduna, hukumar binciken haɗurran jirage ta miƙa rahoton wucin gadi ga rundunar sama, amma cikakken bayaninsa bai zo hannun jama'a ba. Akwai sirrin soja da ya cancanci a rufe, kamar dabarun kai hari da raunin makami. Sanin ko mutum ya mutu ne da bugu ko da wuta ba ya cikin wannan, kuma shi ne bayanin da ke ceton na baya.

Akwai kuma batun sayen kayan gida. Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya buƙaci hukumomi su fifita kayan da aka yi a Najeriya, har da kaki da takalma, kuma dokar 2023 ta sake fasalin kamfanin ƙera kayan soja na DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Ga garin da ya ga mutuwar masaƙunsa, wannan buri ne mai kyau. Amma zaren irin Nomex kamfanoni ƙalilan ne ke yin sa a duniya, irin su Teijin na Japan, Kermel na Faransa da Tayho na China. Abin da za a iya yi a gida nan kusa shi ne ɗinki, kuma a ɗinki ne ha'inci ya fi sauƙi. Koren foliyesta da koren Nomex kamarsu ɗaya a ido. Zaren ɗinki, ƙyallen zik da bajon da ake liƙawa a ƙirji, kowanne na iya zama na roba ba tare da mai karɓar kaya ya gane ba. Araha ba ta ado, a nan kuwa kisa take yi.

Saboda haka matakin farko ba sai an gina masana'anta ba. Gwajin ƙyalle na daƙiƙa 12 ba ya buƙatar biliyoyi. Akwati ne, da bututun gas, da agogo, da ma'aikacin da ba za a saye shi ba. Cibiyar Fasaha ta Rundunar Sama da ke Kaduna, da sashen nazarin saƙa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON, duk wurare ne da irin wannan aiki zai iya zama. Gwajin mutum-mutumi kuwa ana iya aika samfur waje a biya a yi.

Kwamitocin rundunar sama na Majalisar Dattawa da ta Wakilai, waɗanda ke zaman kare kasafi kowace shekara, na da tambayoyi masu sauƙi da za su iya yi ba tare da sun tona asirin kowa ba. Da wace ƙa'ida ake sayen rigunan tuƙi da safar hannu? Wa ke zaɓo samfur daga kowane kaso da aka kawo ya ƙona shi ya gani? Riga nawa ake ba kowane matuƙi, kuma yaushe ake karɓe tsohuwa? Shin injiniyoyin cikin jirgi, masu harbi daga ƙofa da masu zuba mai suna samun irin kariyar da matuƙi ke samu? Idan amsoshin masu daɗi ne, rundunar ce za ta ci ribar faɗinsu. Idan akwai giɓi, kuɗin cike shi bai kai na fiffiken jirgi ɗaya ba.

Horar da matuƙin jirgin yaƙi na cin shekaru da maƙudan kuɗi, tun daga makarantar koyon tuƙi ta Kaduna zuwa ta Kano, wasu har ƙasashen waje. Jirgin da ya ƙone ana iya sake yin odarsa. Saurayi ko budurwar da ke cikinsa kuwa iyayensu ba su da wani kamarsu. Idan aka sake raba hoton sabon jirgi, ya dace mu dubi waɗanda ke tsaye a gefensa, mu tambayi wanda ya gwada abin da ke jikinsu.